Ɗalibai Kurame a Manyan Makarantu: Juriyarsu da Haƙƙinsu a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A duk lokacin da manyan makarantun Zariya da Kaduna da Kano suka buɗe sabon zangon karatu, a cikin dubban matasan da ke cika zaurukan lacca akwai wasu 'yan tsiraru da ba sa jin ko kalma ɗaya daga abin da malami yake faɗi. Sun ci jarrabawar shiga kamar kowa, sun biya kuɗin rajista kamar kowa, suna zaune a benci ɗaya da abokansu, amma abin da ke isa gare su daga darasin awa biyu shi ne motsin leɓe da abin da aka rubuta a allo. Duk da haka wasunsu suna kammalawa, har su fito da shaidar digiri ko ta NCE. Wannan juriya abar yabo ce, sai dai yabon kaɗai ba ya sauke nauyi. Abin da ya tsaya tsakanin ɗalibi kurma da ilimi shi ne harshe, kuma Shari'ar Musulunci ta daɗe da yanke hukunci cewa isharar da ake ganewa tana tsayawa a matsayin magana. Saboda haka isar da ilimi ga kurma ta hanyar da zai fahimta haƙƙinsa ne a kan al'umma.

Daga Kurmin Kogi zuwa ƙofar jami'a

Mu ɗauki misalin yaron da aka haifa a Kurmin Kogi, a ƙaramar hukumar Ikara, ko a Paki, ko Gazara ta Makarfi, ko Hunkuyi ta Kudan. Ƙasa ce ta noma: masara da dawa da damina, rake da tumatir da barkono da rani. Yawancin kuramen wannan yanki, kamar na sauran ƙasar Hausa, ba daga gidan kurame suka fito ba. Da dama an haife su suna ji, sai wata cuta ta ɗauke jin. Arewacin Najeriya yana cikin yankin da masana lafiya ke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har zuwa Habasha, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da suka tashi daga jinya ba sa ji. Ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ba magani, da shawarar jarirai, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi ba bisa ƙa'ida ba, duk suna haifar da kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare ta.

Idan jin ya tafi, abu na farko da yaro ke rasawa shi ne makaranta. A makarantar allo ana biya wa yaro karatu da baki, shi kuma ya maimaita da murya. A firamaren gari malami ɗaya ne a gaban aji cike da yara, ba a koya masa yadda zai yi da wanda ba ya ji ba. Sai iyaye su ga cewa gona ko kiwo ko koyon ɗinki sun fi masa. Makarantun kurame da aka sani suna nesa: makarantar masu buƙata ta musamman ta jihar Kaduna da ke cikin garin Kaduna, da makarantar kurame ta Kawo, da ta Tudun Maliki a Kano wadda aka buɗe a 1977, da ta Malumfashi a jihar Katsina. Kai yaro ɗan shekara bakwai makarantar kwana a wani birni abu ne mai nauyi ga manomi, ta fuskar kuɗi da ta fuskar zuciya, musamman idan yarinya ce. Shi ya sa da yawa ba sa fara aji ɗaya sai sun haura shekara goma, wasu kuma ba sa farawa sam.

Wanda ya tsallake wannan duka, ya gama sakandare, ya sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya ci jarrabawar JAMB, to ya riga ya yi tafiyar da ta fi ta takwarorinsa nisa tun kafin ya taka ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ko wata kwaleji.

Harsuna huɗu a kan ɗalibi ɗaya

Mutane da yawa suna zaton maganar hannu iri ɗaya ce a duk duniya, ko kuma nune-nune ne kawai na ci da sha da tafiya. Ba haka abin yake ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na gado, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, da kalmominsa da ƙa'idojin jera su. Ana amfani da shi a kasuwa da dandali da gida, kuma masu ji da dama sun iya wani abu daga cikinsa. Tun zamanin da akwai sarautar Sarkin Bebaye a biranen Hausa, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Wata masaniyar harsuna 'yar ƙasar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano tana nazarin wannan harshe, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000.

Amma harshen da ake koyarwa da shi a makarantun kurame daban ne. Asalinsa maganar hannun Amurka ce. Wanda ya fi kowa yaɗa ta a Afirka ta Yamma shi ne Andrew Foster, wani kurma Baƙar fata ɗan Amurka, ɗan mishan, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, sannan a Enugu da Kaduna a farkon shekarun 1960. Daga ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa ne aka sami malaman da suka cika makarantun kurame na ƙasar nan.

Ke nan yaron Kurmin Kogi yana magana da mahaifiyarsa da maganar hannu ta gida. A makaranta ya koyi wata maganar hannun ta daban. Littattafansa da jarrabawarsa da Turanci suke, harshen da bai taɓa jin sautinsa ba, wanda kuma jerin kalmominsa ya sha bamban da na maganar hannu. Sannan a matsayinsa na Musulmi yana buƙatar Larabci don sallarsa. Idan malamin jami'a ya duba takardar ɗalibi kurma ya ga jimlolin Turanci a karkace, sau da yawa sai ya yanke masa hukuncin daƙiƙanci, alhali yana duba aikin mutumin da ke rubutu da harshensa na uku, wanda ya koya da ido kaɗai.

Cikin zauren lacca

Wahalar zauren lacca tana ɓoye ne a cikin ƙananan abubuwa waɗanda mai ji ba ya lura da su. Malami yakan juya baya yana rubutu a allo yana ci gaba da bayani, ko ya riƙa kai da kawowa yana karanto darasi ɗalibai suna rubutawa. Mai ji yana sunkuyar da kai ya rubuta, kunnensa na aiki. Kurma da ido yake sauraro, da zarar ya sunkuya don ya rubuta layi ɗaya, layin da ke biye ya wuce shi. Ko da akwai tafinta a gabansa, ba zai iya kallon hannun tafinta da kallon takardarsa a lokaci guda ba.

Wasu sukan ce ai yana karanta leɓe. Karatun leɓe rabinsa hasashe ne. Wanda ya tsaya gaban madubi ya ce baba, sannan ya ce mama, zai ga leɓensa bai bambanta su ba. Haka kuma karin sautin Hausa, wanda ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ba ya bayyana a fuska. Idan aka haɗa da nisan zaure, da ƙarancin haske, da gashin baki, da takunkumin fuska irin na lokacin korona a 2020, abin da ya rage wa mai karatun leɓe kaɗan ne. Na'urar ƙara ji tana taimakon wanda ke da sauran ji, amma tana da tsada, tana cin batir, kuma a zauren da ɗaruruwan mutane ke hayaniya tana ƙara hayaniyar ne tare da muryar malami.

Sai kuma sanarwa. An ɗage lacca, an sauya zaure, an matso da ranar gwaji, an ƙara aikin gida: yawanci da baki ake faɗa a ƙarshen darasi, ana tattara jakunkuna. Ɗalibi kurma yakan zo ya tarar da aji babu kowa, ko ya shigo ya tarar ana rubuta gwajin da bai san da shi ba. A ofishin rajista ana kiran suna ta taga. A asibitin makaranta likita yana tambaya da baki. Da daddare idan aka ɗauke wuta a ɗakin kwana, abokansa suna ci gaba da hira da bitar karatu a cikin duhu, shi kuwa tasa hirar ta ƙare, don hannu ba ya magana sai da haske.

Tafinta shi ne gadar, amma ba su da yawa. Aikin yana gajiyar da ƙwaƙwalwa da hannu, shi ya sa a ƙasashen da suka tsara shi mutum biyu ne ke karɓa-karɓa duk bayan minti 20 zuwa 30. A nan kuwa tafinta ɗaya kan bi ɗalibai daga safe har yamma, idan ma an same shi. Kuma dole ne ya fahimci fannin da yake fassarawa, don wanda bai san lissafin kuɗi ko kimiyyar sinadarai ba ba zai iya isar da su ba. Wannan ne ya sa ake tura kurame da yawa sashen ilimin masu buƙata ta musamman, inda tafintoci suka fi samuwa, ko da zuciyar ɗalibin tana ga aikin gona na zamani ko kwamfuta ko shari'a.

Yadda suke jurewa

Da me suke tsallakewa? Da aiki ninki biyu. Ɗalibi kurma yakan riga kowa zuwa don ya sami bencin gaba. Bayan lacca ya ari littafin abokinsa ya kwafe, ya tafi laburare ya nemo a littafi abin da malami ya bayyana da baki, ya karanta shafi ɗaya sau uku yana duba ƙamus. Sukan taru junansu, wanda ya gane ya bayyana wa sauran da hannu. Wayar salula ta zame musu babbar ni'ima: saƙon rubutu da zauren WhatsApp na aji sun rage musu ɓacewar sanarwa, kiran bidiyo ya ba su damar hira daga nesa, akwai kuma manhajojin da ke mayar da magana rubutu, ko da yake suna tuntuɓe a kan lafazinmu, suna kuma buƙatar data da caji. Kusan duk kurman da ya kammala zai nuna maka wani aboki mai ji da ya riƙa ba shi littafinsa, ko wani malami da ya riƙa miƙa masa darasi a rubuce.

Cewa za su iya kuwa, tarihi ya riga ya amsa. Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington ta Amurka, wadda aka ba izinin bayar da digiri a 1864, da maganar hannu take koyar da fannoni iri-iri. A cikin shugabanninta akwai Dakta Khadijat Rashid, kurma haifaffiyar Najeriya, wadda ta kai matsayin mai kula da dukkan harkokin karatu na jami'ar. Dakta Peter Mba, shi ma kurma, yana cikin waɗanda suka kafa harsashin ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Ibadan. A cikin gida, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ta yaye kurame masu yawa, Jami'ar Ilori tana da cibiya ta musamman mai samar wa ɗalibai kurame tafintoci, sannan Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sassan wannan fanni. Duk inda aka samar da tafinta da tsari, kurame sun yi karatu sun ci.

Matsayin ishara a Shari'a

Wani zai ce Alƙur'ani ya ambaci kurame da bebaye a wurin zargi. Malaman tafsiri sun bayyana cewa waɗannan ayoyi, kamar aya ta 18 a Suratul Baƙara, suna magana ne a kan munafukai da masu ƙin gaskiya, waɗanda kunnuwansu lafiya lau suke amma zukatansu sun toshe. Ba su shafi wanda Allah Ya jarraba da rashin ji ba ko kaɗan. Game da ishara kuwa, Suratu Ali Imrana aya ta 41 ta ba da labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka sanya masa alamar yin kwana uku ba ya yi wa mutane magana sai da nuni. A Suratu Maryam ma, da mutanenta suka tuhume ta, nuni ta yi zuwa ga jaririnta.

Imamul Bukhari ya ware babi a cikin Sahihinsa, a littafin saki, a kan amfani da ishara, ya kawo hadisai da dama da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi bayani ko ya karɓi bayani da nuni. Daga ciki har da na yarinyar da aka fasa wa kai da dutse, aka kawo ta ba ta iya magana, ya riƙa ambata mata sunaye tana amsawa da kai har aka gano wanda ya aikata. A kan irin waɗannan dalilai malaman fiƙihu suka gina ƙa'idar cewa isharar bebe wadda aka saba da ita tana daidai da furucin harshe. Da ita yake ɗaura aure, ya yi saki, ya saya ya sayar, ya yi wasiyya. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta ginu a kanta, ana karɓar shaidar bebe idan an fahimci isharar tasa, ana kuma karɓar shaidar kurma a kan abin da ya gani da idonsa. Kabbarar harama da karatu suna faɗuwa daga kan wanda ba ya iya furtawa, ya shiga salla da niyyarsa, sallarsa kuma cikakkiya ce.

Shari'ar da ta amince wa kurma ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida, ta yaya mabiyanta za su ce bai isa ya zauna a aji ba? A 1880, wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke shawarar hana koyarwa da maganar hannu, aka shafe shekaru da dama ana tilasta wa yara kwaikwayon sautin da ba sa ji. Ƙarnuka kafin wannan taro, littattafan fiƙihunmu sun riga sun ba hannu matsayin harshe.

Akwai hadisai biyu da ya kamata su hana mu barci. Na farko, wanda Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Zarrin, Manzon Allah ya lissafa ƙofofin sadaka ga wanda ba shi da dukiya, a ciki ya ambaci yi wa makaho jagora da fahimtar da kurma da bebe har sai sun gane. Sharaɗin shi ne su gane. Na biyu, daga Aswad bin Sari'i, shi ma a Musnadin Ahmad, ya ambaci mutum huɗu da za su kawo hanzari ranar Alƙiyama, cikinsu har da kurma wanda zai ce Musulunci ya zo alhali shi ba ya jin komai. Idan wannan kurman maƙwabcinmu ne, ya girma a tsakiyar masallatai da makarantun Islamiyya, to hanzarinsa a kan wa zai faɗa?

Magabata da ba sa ji

Mutanen ƙasar Hausa sun tashi da ruwayar Warshu daga Imamu Nafi'u na Madina. Ɗayan babban mai ruwayar Nafi'u shi ne Isa bin Mina, wanda aka fi sani da Ƙaluna, ya rasu a shekara ta 220 bayan Hijira. Malaman tarihi sun ambata cewa kurumtarsa ta yi tsanani ƙwarai, kuma an ruwaito cewa yakan dubi leɓen mai karatu ya gyara masa kuskure. Har yau da ruwayarsa ake karatu a Libiya da Tunisiya. Abul Abbas Muhammad bin Ya'aƙub na Naisabur, wanda ake yi wa laƙabi da Al'asammu, wato kurma, ya rasa jinsa bayan tafiye-tafiyen neman hadisi, amma ya ci gaba da karantarwa sama da shekara 70, malamai irin su Alhakim suka ɗauka daga gare shi. Ya rasu a 346 bayan Hijira. A zamanin kusa, marubucin Masar Mustafa Sadiƙ Arrafi'i, wanda ya rasu a 1937, ya yi fitattun rubuce-rubucensa a kan Alƙur'ani da adabin Larabci ne jinsa ya riga ya tafi.

Gaskiya ne waɗannan bayin Allah sun sami harshe kafin kurumta ta same su, halinsu bai zama ɗaya da na yaron da bai taɓa ji ba. Amma darasin yana nan: al'ummarsu ba ta sallame su ba, ta zauna gabansu da alƙalami. Suratu Abasa ma ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah yake fuskantar manyan Ƙuraishawa. Daga baya shi ne ya zama ladani, kuma Manzon Allah ya sha wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. A littattafan tarihi an ambata cewa Halifa Walid bin Abdulmalik ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali. Tafintan kurma a jami'a shi ne ɗan jagoran wannan zamani.

Doka tana nan, aiki ya rage

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su tare da tanadar ma'aikata da kayan aiki, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, wadda shugabanta na farko, James Lalu, kurma ne. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. A cikin garin Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Abin da ake jira daga shugabannin manyan makarantu ba shi da wuyar faɗi: a ɗauki tafintoci aiki na dindindin da albashi, a ba su horo a fannoni daban-daban, a umarci malamai su ba da darasi a rubuce kafin lacca, kowace sanarwa ta fita a rubuce, a ƙara wa kurma lokaci a jarrabawa, a kuma bar shi ya zaɓi fannin da yake so.

Namu nauyin

Amma kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu dubi masallatanmu. Ɗalibi kurma yana iya kammala digiri, ya san tarihin Turai da ƙa'idojin koyarwa, alhali bai taɓa fahimtar huɗubar Juma'a ko ɗaya ba a rayuwarsa. Yana zuwa, ya zauna a sahu, ya tashi idan an tashi. Wasunsu sun koyi alwala da salla da kallo kawai, ba wanda ya taɓa bayyana musu abin da ke karya su, ko hukuncin janaba da haila, ko ma'anar kalmar shahada. 'Yan mishan sun riga mu zuwa wurinsu da fiye da shekara 60, suka koyi harshensu. Wanda ya yi maka magana da harshenka shi zuciyarka ke karkata gare shi, don haka ba mu da bakin zargin kowa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki ilimi ta zuba shi cikin Hausa da Fulatanci, ta tura jajis su kai wa matan ƙauyuka. Hanyar ke nan: a kai ilimi inda mutum yake, da harshen da yake ganewa. A yau ana fassara huɗuba da maganar hannu a Masallacin Harami na Makka da na Manzon Allah a Madina, ƙasar Indonesiya kuma ta fitar da Mus'hafi na ishara domin kuramenta. Malaman zamani sun saɓa a kan yin fassarar a daidai lokacin huɗuba: wasu sun halatta idan an keɓe wuri, wasu sun fi son a yi ta kafin salla ko bayanta. Babu wanda ya ce a bar su haka nan.

Saboda haka, kwamitocin masallatan Juma'a na Ikara da Makarfi da Kudan za su iya haɗa kai su ɗauki nauyin matasa biyu ko uku masu ilimin addini su koyi maganar hannu, ta gida da ta makaranta, su zauna da kurame su daidaita alamomin kalmomin addini tare. Koyon wannan harshe farillar kifaya ce, idan babu wanda ya yi a gari, laifin ya hau kan kowa. Manoman da ke fitar da zakkar masara da dawa, da attajiran rake da tumatir, su tuna cewa ɗalibi kurma ɗan talaka yana cikin masu haƙƙi, kuma waƙafin da zai riƙa biyan tafinta sadaka ce mai gudana. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, ta binciko kuramen da ke harabar kowace makaranta, ta tanadar musu tafinta a ta'alim da tafsirin azumi.

Kai ɗalibi mai ji, littafinka da ka ara wa ɗan'uwanka, da saƙon da ka tura masa cewa an sauya zaure, suna cikin sadakar da hadisin Abu Zarrin ya ambata. Ka fuskance shi idan za ka yi masa magana, kada ka ɗaga murya, kada ka yi dariyar sautin da ke fita daga bakinsa. Ku kuma iyaye, ku kai yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda, kada ku yi wasa da ciwon kunne. Idan jaririnku ba ya firgita da ƙara, ko ya haura shekara biyu bai fara kiran baba da mama ba, ku kai shi a auna jinsa da wuri. Idan ta tabbata kurma ne, ku karɓi hukuncin Allah, ku koyi harshensa, ku sa shi makaranta da ƙuruciya, mace ce ko namiji. Ku kira shi da sunan da kuka raɗa masa ranar suna, domin Suratul Hujurati ta hana jifan juna da laƙabin da mutum ba ya so.

Ku kuwa 'yan'uwa ɗalibai kurame, Allah Yana ganin daren da kuka raba kuna kwafar darasi, da ranakun da kuka zauna a aji kuka fito ba ku tsinci komai ba, kuka kuma dawo washegari. Ku riƙe salla, ku nemi ilimin addininku kamar yadda kuke neman na boko, ku nemi haƙƙinku da ladabi ba tare da jin kunya ba. Idan kun kammala, ku tuna da ƙannenku da ke Kurmin Kogi da sauran ƙauyuka, waɗanda har yanzu ba wanda ya gaya musu cewa kurma yana zuwa jami'a.

Allah Ya buɗe mana ƙofofin ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana sakacinmu game da haƙƙin raunananmu, Ya sa mu cikin masu jin gaskiya su bi ta. Amin.